Kwat Ɗin Baba

Shafi na 17

(Masu aiko min da saƙo cewa na cika jinkiri, na gani. Jinya ba a yi mata gaggawa, labarinta ma haka.)

Likita ta rasa inda za ta ajiye jakarta, a ƙarshe ta ɗora ta a kan keken ɗinki. Duk wani tebur da ke falon, kwalaben maganin Inna sun riga ta.

Tela, ɗan Inna na tsakiya, mai jinyarta, bai ce ta ɗauke ba. Keken ya daɗe da zama tebur.

Yaya, babban wansu, wanda ya sauka jiya daga garin da yake aiki, yana zaune a kujerar marigayi Baba kamar an bar masa ita a wasiyya. Auta tana gefensa da waya a hannu. Tela yana tsaye jikin ƙofar ɗakin Inna, kunnensa ɗaya na falo, ɗaya na ciki. Tun da ciwon mantuwa ya kama tsohuwar bai ƙara zama da kunnuwansa biyu a wuri ɗaya ba.

"Kamar yadda na faɗa muku a waya," in ji Likita, "bincikenmu ba a kan marasa lafiyar ba ne. A kan masu jinyarsu ne. 'Yan gida, irin ɗan'uwanku."

"To me kuka gano?" Yaya ya tambaya.

"Mun gano cewa sau da yawa mai jinya yana riga majinyacin faɗuwa. Hawan jini, rashin barci, ƙuncin zuciya."

Tela ya kalli silin. Wata da watanni ana tara su, shi da sauran masu jinya, a wani ɗaki na asibitin jami'a, ana ba su shayi a kofin takarda, ana naɗar muryarsu, duk don a gano cewa wanda ba ya barci yana jin barci. Amma bai raina ba. Shayin da zafinsa, kuma a ɗakin nan ne kaɗai aka taɓa tambayarsa ko shi ma ya ci abinci.

"Yanzu mun shiga mataki na biyu," Likita ta ci gaba. "Za mu riƙa turo ma'aikaciyar jinya da muka horar, ta wuni da mara lafiya wasu ranaku a mako, shi kuma mai jinya ya fita ya sha iska. Mu ga ko nauyin zai ragu. Gidan nan yana cikin waɗanda aka zaɓa."

Auta ta kife wayarta a cinya.

"Alhamdulillahi! Ai shi ke nan, an huta."

"Ya ce ba ya so," in ji Likita.



"Wa ya ce ba ya so?" in ji Yaya.

"Ni," in ji Tela.

"Kai? Kai da ka rufe shago? Kai da matarka ta kwashe yara ta tafi hutu gidansu, hutun da har yau bai ƙare ba? Dubi idonka, Tela. Dubi wuyanka. Wallahi jiya da ka buɗe min ƙofa na ɗauka wani tsoho ne ka ɗauka haya."

"Na gode da yabon."

"Ba wasa nake yi ba!"

"Ni ma haka. Ban taɓa wasa da azahar ba, lokacin abincinta ne."

Auta ta gyara zama.

"Yaya Tela, don Allah ka faɗa mana gaskiya. Me ya sa ba ka son wani ya shigo gidan nan? Ka sa sakata a can sama inda hannunta ba ya kaiwa. Ka rufe madubi da zane. Wuƙaƙe suna cikin akwati da kwaɗo. Ɗazu da safe ta riƙe hannuna ta ce, 'Auta, ki cece ni daga mai gadin nan, ya kulle ni.' Kai take nufi."

"Ni take nufi."

"Ko damuwa ba ka yi ba?"

"Sakatar, don sau biyu ana dawo min da ita daga bakin titi ba takalmi. Madubin, don tana faɗa da tsohuwar da ke ciki, ta ce ta shigo mata ɗaki ba sallama. Wuƙaƙen, ki zo in nuna miki hannuna. Akwai sauran tambaya, ko in je in zuba abinci?"

Yaya ya juya ga Likita.

"Ke kin zauna da shi a asibitinku. Me yake ɓoyewa?"

"Abin da aka faɗa min a ɗakin can amana ne, ranka ya daɗe. Ko shugabana bai san sunan mai maganar ba."

"To ashe akwai abin."

Likita ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Yarinya ce ƙarama, amma ta iya yin shiru irin na manya.

Daga cikin ɗaki wani abu ya faɗi. Faranti ne na roba; na tangaran sun ƙare tuni.

"Malam!" Muryar Inna ta fito siririya. "Malam bai dawo ba? Wa ya ce a kawo min abinci maigida bai dawo ba?"

Auta ta miƙe tsaye.

"Haka ta yi min da safe. Na yi lallashi, na yi roƙo, ko cokali ɗaya. Wai sai Baba ya dawo daga gidan waya."

"Sai a faɗa mata gaskiya," in ji Yaya. "A hankali, da ladabi. Baba ya rasu. Haƙƙinta ne ta sani."

Tela ya yi wata 'yar dariya wadda babu daɗi a cikinta.

"Je ka faɗa mata."

"Zan je."

"Je ka. Za ta dube ka, ta ce, 'Yaushe?' Ka ce ya daɗe. Ta ce, 'Ba wanda ya gaya min?' Sai ta zame ƙasa. Ba kukan tunawa ba ne, Yaya, kukan farko ne, irin na ranar da aka shigo da shi. Ta wuni tana yi. Ta ƙi ci, ta ƙi sha. Gari ya waye ta manta dalilin kukan, amma cikinta bai manta ba, ta ci gaba da ƙin abinci. Da yamma ta ce, 'Malam bai dawo ba?' Ka sake kashe shi."

Tela ya dubi wansa, ya dubi ƙanwarsa.

"Ku sau ɗaya kuka binne Baba. Ni na binne shi a ɗakin nan har na daina ƙirgawa. Na ƙarshe sai da aka kwantar da ita ana ƙarin ruwa. Likitan zuciya ya ja ni gefe ya ce in aka sake yin irin wannan, kada in wahalar da kaina kawo ta."

"Ba ka gaya mana ba," in ji Auta a hankali.

"Na gaya muku. Kin turo min hoton hannu yana addu'a."

Auta ta sunkuyar da kai.

"Malaaam!"

Tela ya bar jikin ƙofar. Ya roƙi Likita ta ɗan ɗaga jakarta. Ya jawo akwatin da ke ƙarƙashin keken ɗinkin, ya buɗe.

Kwat ce ruwan ƙasa, mai maɓalli uku, gwiwar hannunta ta soma sheƙi don tsufa.

Auta ta toshe bakinta da tafi.

"Wannan ai kwat ɗin Baba ce."

Tela ya ciro ta daga akwatin. Ya karkaɗe ta, ya zura hannu ɗaya, ya zura ɗayan. Ta zauna masa cif. Baba ya fi shi faɗin kafaɗa, don haka ya farke ta ya rage, ya ɗage hannun, ya sake mata shafi daga ciki. Shi ne ɗinki na ƙarshe da keken nan ya yi, kuma a duk shekarun da ya yi yana sana'ar bai taɓa ɗinki mai kyau kamarsa ba.

Ya ɗauko hular Baba ya sa, ya karkata ta hagu. Ya ɗauko tabarau mai kaurin baki. Ya sa an cire gilashin an sa na banza, don na ainihin yana sa shi jiri. Ya ɗiga turaren Baba a wuyan kwat ɗin. Ya ɗauki tarin makullai.

Sai ya ɗan ranƙwafa, kafaɗar dama ta sauka.

Auta ta yi baya har ta bugi bango.

"Innalillahi..."

Ba Tela ba ne a tsaye. Ubansu ne, ya dawo daga aiki, ya gaji, yana neman inda zai ajiye makullai.

Yaya ya miƙe daga kujerar a hankali, kamar mai ba mai ita wuri. Sai kuma ya tuna, fuskarsa ta canja.

"Cire ta."

"Abincinta yana hucewa."

"Na ce ka cire ta! Ubanmu ka mayar wasan kwaikwayo? Mutumin da yake kwance a kabarinsa? Kana shiga wurin uwarka a matsayin mijinta? Tela, kana da hankali kuwa?"

"Ina shiga, in zauna a kujera, in ba ta abinci, in ce zan koma ofis. Shi ke nan aikin Baba. Ya fi nawa sauƙi."

"Ƙarya ce! Kullum kana yi wa mahaifiyarka ƙarya!"

"Kullum. Ita kuma kullum tana cin abinci."

Yaya ya juya ga Likita.

"Kin san da wannan?"

"Na sani."

"Kuma iliminku ya yarda?"

"Iliminmu ya rabu biyu. Wasu sun ce kada a taɓa yi wa mara lafiya ƙarya, ko da gaskiyar za ta sa shi kuka. Wasu sun ce in mutum ya koma wata duniya, sai ka bi shi can ka same shi. Na karanta duka ɓangarorin. Ban ga wanda ya zauna da faranti a hannu yana jiran ta buɗe baki ba."

"To ke me kika ce?"

"Ni ba ni da amsa a kan kwat ɗin. Abin da na sani shi ne ma'aikaciyar jinyarmu ba za ta iya sa ta ba. Shi ya sa ya ƙi. In ya fita shan iska, Inna ba za ta ci ba. Na zo ne in roƙe ku mu nemi hanya tare, a hankali, ko ta saba da wani hannun. Domin in ya faɗi, mutum biyu za ta rasa a rana ɗaya."

"Uku," in ji Tela. "Kin manta mai gadi."

Ya ɗauki sabon faranti daga kicin, shinkafa mai laushi da miya. Ya tsaya a ƙofar ɗakin. Ya kaɗa makullan. Ya yi gyaran murya, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji.

Gashin jikin Yaya ya tashi. Da wannan gyaran muryar suke gudu su ɗauki littafi suna yara.

"Salamu alaikum, masu gida."

"A'a! Sai yanzu?"

Muryar Inna ta canja gaba ɗaya. Ta yi haske, ta yi ƙuruciya.

Yaya da Auta suka matso bakin ƙofa. Likita ta tsaya bayansu.

Inna tana zaune a bakin gado, ƙarama kamar an wanke ta ta tsuke. Tana gyara ɗankwalinta da hannu biyu, tana murmushi da bakin da ya rage haƙora kaɗan.

"Gidan wayar nan dai ya zama gidanka, Malam. Ka kai musu katifa mana."

"Wasiƙu ne suka yi yawa."

"Kullum wasiƙu. Ni ko ɗaya ba a taɓa rubuto min ba."

"Wa zai rubuto miki, ina raye?"

Ta yi dariya, ta kai masa duka a gwiwa. Ya jawo kujera ya zauna, ya ɗebo cokali, ya hura.

"Bismillah."

Ta buɗe baki.

Auta tana kuka ba sauti. Tun jiya ba ta ga uwarta ta haɗiyi komai ba sai ruwa.

Cokali ya bi cokali. Inna tana ba shi labarin maƙwabciyar da ta ari tukunya ba ta mayar ba, matar da ta rasu tun Auta tana goye. Shi kuma yana cewa, "Ai kuwa," yana cewa, "Bari in gamu da mijinta." Yana goge mata gefen baki da bayan cokali.

Sai idonta ya kai ƙofa.

"Laa! Malam, ga yara sun zo hutu ba ka gaya min ba? Babbana, shigo mana, ka tsaya kamar baƙo. Auta, zo nan, wa ya taɓa min ke?"

Suka shigo. Auta ta durƙusa ta kwantar da kai a cinyarta. Yaya ya tsaya a ƙafar gado.

"Sannu, Inna."

Ta dube shi, ta dubi Auta, ta leƙa bayansu. Murmushin ya soma sauka.

"Ina Shiru?"

Sunan da take kiran Tela ke nan tun yana yaro, don ba shi da kuka, ba shi da surutu.

Cokalin bai tsaya ba.

"Yana shago," in ji Tela da muryar Baba. "Aiki ya yi masa yawa. Ci."

"Shago." Ta tauna a hankali. "Kullum shago. Ka gani ko, Malam? Waɗanda suke nesa sun zo. Shi da yake gari ɗaya da ni, ko leƙe. Ya samo wani ƙaton mugu mai furfura ya ajiye min a gida, yana kulle ni, yana ɗura min magani, shi kuma ya tafi harkarsa."

"Zai zo."

"Haka kake cewa kullum. Kai ka ɓata shi. Yaron da na fi wahala a kansa? Shi ne fa wanda na yi wata ina kwana a zaune da shi a kafaɗa, yana tari. Shi ne na sayar da 'yan kunnena na saya wa keke. Yanzu na tsufa, na zama abin gudu."

Yaya ya dubi ƙaninsa.

Fuskar da ke bayan tabarau ba ta motsa ba. Hannun ma bai girgiza ba. Ya ɗebo wani cokalin, ya hura, kamar wanda ake gaya wa farashin albasa. A nan Yaya ya gane cewa ba yau aka fara ba. Kullum ne. Kullum da azahar, yana zaune a kujerar nan yana jin wannan.

Tela ya gwada zuwa mata a matsayin kansa, ba sau ɗaya ba. Ya aske gemu, ya sa rigarsa ta samartaka, ya shigo ya ce, "Inna, ga Shiru." Ta kwarma ihu ta ce mai gadi ya sace kayan ɗanta. Shirun da take jira siririn saurayi ne mai baƙin gashi. Wancan yaron ya ƙare a wankin zannuwan gado da tsaron ƙofa, kuma ba ta ga lokacin da ya ƙare ba.

"Malam, ka zama shaida," in ji Inna. "Ga 'yan'uwansa ma su ji. In na mutu yaron nan bai zo ya tsuguna a gabana ba, ban yafe masa ba. Duniya da lahira."

"Inna!" Auta ta ɗago kai. "Kada ki ce haka, don Allah, ai shi ne..."

"Auta." Muryar Baba ce, mai kaifi. "Ba a katse babba."

Auta ta haɗiye sauran.

"Buɗe bakin," ya ce. "Saura kaɗan."

Sauran ranaku, nan maganar take mutuwa. Ta yi faɗanta, ta manta, ta koma kan tukunyar maƙwabciya. Amma yau ga biyu a gabanta, kuma gurbin na ukun yana kallonta.

Ta damƙe leɓɓanta. Ta ture cokalin, shinkafa ta zube a kan kwat ɗin.

"Ba na ci."

"Haba, uwargida."

"Na ce ba na ci. Yau kam ba abin da zai shiga cikina sai na ga Shiru da idona. Ku kuna ɓoye min wani abu. Ko mutuwa ya yi?"

"Yana nan da ransa."

"To ina yake?"

Numfashinta ya soma sauri. Hannunta ya kai ƙirji. Likita ta yi taku ɗaya zuwa cikin ɗakin, idonta a kan tsohuwar, ta girgiza wa Yaya kai a hankali.

Inna ba ta gan ta ba. Ta kawar da fuska daga mijinta, ta ɗora ido a kan babban ɗanta.

"Babbana, zo nan. Ubanka ya iya rufa-rufa, amma kai tun kana yaro ba ka iya ƙarya ba, kunnenka ke tona ka. Dube ni."

Yaya ya zagayo gadon. 

"Ka ji tsoron Allah ka gaya min. Ina ƙaninka?"

Yaya ya dubi uwarsa. Ya dubi farantin da aka ci rabi. Ya dubi mutumin da ke zaune a kujera, hula a karkace, shinkafa a ƙirji.

Daga bayan gilashin banza, idanun Tela suka ɗago suka same shi. Ba na Baba ba ne yanzu. Yaya ya kasa gane me suke roƙonsa, ya yi shiru ko ya faɗa.

Ya miƙa hannu. Yatsunsa suka sauka a wuyan kwat ɗin, suka damƙe.

"Inna," ya ce.